Ƙoshiya da Lamba: Manhajar Tsara Kayan Gyara a Gaban Harshen Kasuwar Ƙofar Wambai

Idan azumi ya kai ashirin, babu telan da yake da lokacin jira a cikin birnin Kano. Ɗinki ya taru, masu kaya suna ta sintiri, wuta kuma ba ta da tabbas. A irin wannan matsi ne ƙoshiyar keke takan lalace, ko bel ya tsinke, ko allurar da ta dace da shadda ta ƙare. Abin da telan yake yi sananne ne. Yakan kwance abin da ya lalace, ya ƙunshe shi a ƙyalle, ya ba yaronsa ya garzaya Ƙofar Wambai wajen masu kayan ɗinki. Yaron ba ya riƙe da takarda, bai kuma san wata lamba ba. Samfur zai miƙa ya ce, "Alhaji, irin wannan aka ce a ba ni." Mai shago ya jujjuya abin a tafin hannu, ya tambaya ko keken na ƙafa ne ko na wuta. Idan yana da shi, shi ke nan. Idan ba shi da shi, da wuya ya ce babu. Sai ya ce wa yaron ya ɗan zauna, ya tashi nasa yaron zuwa layin baya. Kafin la'asar keke ya koma aiki.

Wannan ɗan al'amari da yake faruwa kullum yana da suna a duniyar manyan kamfanoni, wato tsara kayan gyara. Sana'a ce mai zaman kanta. Tana da ƙwararrun masu ba da shawara da ake ɗauka kwangila, tana kuma da manhajojin kwamfuta irin na kamfanonin SAP da Oracle da Odoo, waɗanda aikinsu shi ne su faɗa wa mai haja abin da zai ajiye, da yawan da zai ajiye, da ranar da zai sake yin oda. A Kano, manyan masana'antu irin na Bompai da Sharaɗa da Calawa ne suka fi sanin wannan fage. Amma tun daga ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, lokacin da na'urar POS da tura kuɗi ta waya suka shiga kusan kowace rumfa, hanya ta buɗe ga mataki na gaba, wato a shigar da hajar kanta cikin waya ko kwamfuta. Matasa masu ilimin kwamfuta suna tallata wannan ga 'yan kasuwa, kuma ba laifi suke yi ba.

Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne, matsalar farko da irin wannan manhaja take cin karo da ita a kasuwa kamar Ƙofar Wambai matsala ce ta harshe da al'ada tun kafin a je ga lissafi, kuma masana Hausa ne suka fi kowa cancantar warware ta. Idan suka naɗe hannu, wasu za su yi aikin da Ingilishi, a gurguje, su kuma bar mafi yawan abin da kasuwar ta sani a waje.

Gaskiya ne Ƙofar Wambai ba ita ce cibiyar kayan gyaran mota ba. An fi saninta da gwanjo da takalma da barguna da robobi da kayan ɗinki, ga kuma Majema kusa da ita inda ake jimar fata. Mai neman kayan mota Ƙofar Ruwa yake nufa, ko ya fita Sabon Gari. Sai dai sana'o'in da suka kewaye Wambai a kan inji suke tafiya: keken tela, keken baduku, janareta, da A-daidaita-sahun da yake jigilar dilolin gwanjo. Ƙa'idar ciniki kuwa ɗaya ce daga wannan ƙofa zuwa waccan, don haka misalan da za su zo za su riƙa kai-komo tsakaninsu.

Ilimin da yake cikin manhajar

Ya kamata a fara yi wa wannan ilimi adalci, domin ba shirme ba ne. Kayan gyara ba kamar shinkafa ko sabulu suke ba, waɗanda ake saye kullum a kusan ma'auni ɗaya. Wani ƙarfen sai ya yi wata biyu ba a tambaye shi ba, rana ɗaya a zo neman guda shida. A shekarar 1913 wani Ba'amurke, Ford Harris, ya fitar da ƙa'idar lissafin yawan odar da ta fi sauƙi ga mai kaya, inda ya auna wahalar yawan yin oda da wahalar tara kaya a sito. Ƙa'idar tana aiki ne idan buƙata tana tafiya bai ɗaya. A 1972 J. D. Croston ya kawo gyara domin kayan da ake nema jefi-jefi. Ya raba tambayar gida biyu: tsawon wane lokaci ake ɗauka tsakanin mai saye da mai saye, kuma idan an zo guda nawa ake ɗauka? A ƙaddara shago yana sayar da wani ƙarfe guda shida sau ɗaya a wata uku. Lissafin matsakaici zai ce biyu ne a wata. Idan mai shago ya bi wannan ya ajiye biyu, ranar da mai neman shida ya zo sai a ji kunya. Hanyar Croston wannan kunya take ƙoƙarin kawarwa. A kan wannan ake ɗora lissafin kayan ko-ta-kwana, wato rarar da ake ajiyewa saboda tsoron jinkirin oda.

Tsohon ɗan kasuwa ya san duk wannan ko da bai taɓa jin sunan Croston ba. Bambancin shi ne, shi a ka yake riƙe da lissafin kaya ɗari biyu ko ɗari uku, ita kuwa manhaja tana iya riƙe na dubu hamsin ba tare da mantuwa ba. Amma tana da sharaɗi wanda ba ta sassautawa: kowane abu ya zo da suna ɗaya da lamba ɗaya. A nan gizo yake saƙar.

Suna ɗaya, kaya biyar

Ba za a ce kasuwar ba ta son lamba ba. Allurar keke shaida ce. Kaurinta yana da tsarin lamba iri biyu, na kamfanin Singer mai 14 da 16 da 18, da na awon mita mai 90 da 100 da 110, inda 90 take nufin kaurin da ya kai kashi casa'in cikin ɗari na milimita ɗaya. Tela yakan nemi allura da lambarta, baduku mai ɗinka fata ya nemi wadda ta fi kauri. Lamba ta shiga bakin mutane a nan saboda ta yi musu amfani. Amma ko a allurar, lambar kauri ba ta isa ba, domin allurar keken gida gindinta a shafe yake ta ɓari ɗaya, ta keken masana'anta irin na Juki kuwa a mulmule yake, kuma ba sa shiga gurbin juna. Tambayar da mai shago ya yi wa yaron tela, na ƙafa ne ko na wuta, ita ce take raba wannan gardama.

Ƙoshiya da kwarkwaro kuwa labarinsu daban ne, kuma ya kamata ya ja hankalin mai nazarin harshe. Kalmomi ne na masaƙa. Sun girmi keken ɗinki a ƙasar Hausa nesa ba kusa ba. Da keken ya zo, sai aka dubi ɗan ƙarfen da yake ɗauke da zaren ƙasa aka ga aikinsa ɗaya ne da na abin da masaƙi yake jefawa tsakanin zare, aka ba shi sunan. Babu wani kwamiti da ya zauna ya yanke wannan. A ɓangaren mota kuma aro aka yi, aka sarrafa kalmomin bisa tsarin sautin Hausa: fulogi, burki, kuloci, sitiyari, salansa, totur, kafireto, lagireto. Ɗalibin tsarin sauti zai ga yadda aka cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, da yadda sautin da Hausa ba ta da shi ya koma /f/, kamar a Fijo. Motocin kansu an raɗa musu sunaye: a-kori-kura, kiya-kiya, gingimari, Kanta, Homa, ga babur roba-roba. Bakanike ba ya neman kaya da sunan da kamfani ya buga a takarda, ko da lambar jikin mota mai harufa da alƙaluma 17. Da sunan da gari ya san motar yake nema, ya ƙara da siffar fitilarta ko shekarar da aka fara ganin irinta.

Abin bai tsaya nan ba. Abu ɗaya mai lamba ɗaya a wajen kamfanin da ya ƙera shi yana iya zama haja biyar a kasuwa. Akwai orijina, akwai ɗan Caina (shi ma hawa-hawa ne), akwai Beljiyam ko tokumbo, akwai na hannu da aka ciro daga motar da aka yanka a nan gida, akwai kuma jabu wanda ba a faɗin sunansa da ƙarfi. Kowane da farashinsa, da tsawon ransa, da irin mai sayensa. Direban haya da yake neman abin da zai kai shi ƙarshen wata ba shi ne mai motar gida da yake neman kwanciyar hankali ba. Kalmar Beljiyam ta samo asali ne daga tsofaffin motoci da kayansu da ake lodowa daga Turai, musamman ta tashar jiragen ruwa ta Antwerp, zuwa Kwatano da Legas, amma yanzu takan hau duk wani tsohon kaya na waje ko da daga wata nahiya ya fito. (Abin dariya, manhajar Odoo ita ma 'yar Beljiyam ce, sai dai ita sabuwa ake sayenta.) Mai ba da shawarar da ya haɗe waɗannan biyar a ƙarƙashin lamba ɗaya ya ɓata lissafi tun daga tushe. Wanda ya raba su ba tare da ya nuna dangantakarsu ba shi ma ya ɓata, domin idan Beljiyam ya yanke, wani kaso na masu nemansa ɗan Caina suke komawa.

Mafi tsadar ilimi a wannan sana'a shi ne sanin abin da yake shiga gurbin wani. Keken Butterfly da ake ƙerawa a ƙasar Sin an gina shi ne a kan wani tsohon samfurin Singer, shi ya sa sassa da yawa suke shiga juna. Mai gyaran keke ya san wanda yake shiga kai tsaye, da wanda sai an ɗan goge, da wanda zai shiga amma ya riƙa tsinka zare. Kamfanonin waje suna kashe maƙudan kuɗi wajen gina jadawalin irin wannan musanye. A Kano jadawalin yana nan, amma a cikin kawunan mutane yake, da Hausa, ba a rubuce ba.

Ko an zo rubutawa ma akwai sauran rina a kaba. Wani zai rubuta burki, wani birki. Wani zai sa ƙugiya a ƙoshiya, wani wayarsa ba ta da harafin. A wajen mutum duk abu ɗaya ne. A wajen kwamfuta haja biyu ce ko uku, kowace da nata adadin, sai manhaja ta ce kaya sun ƙare alhali suna jibge a ƙarƙashin wani rubutun. Ga 'yan kasuwar Maraɗi da Damagaram da suke sari a Kano, waɗanda Hausarsu daga Faransanci ta yi aro, har babbar mota ma kamyo suke ce mata. Ga dattijon da ya fi sakewa da ajami a kan boko. Ga kuma abin da kowa yake gani, cewa mafi yawan odar yau ta WhatsApp ake yin ta, da hoto da saƙon murya. Manhajar da ba ta karɓar hoto da murya, ba ta kuma gane cewa sunaye uku abu ɗaya suke nufi, a ofis kawai za ta yi aiki.

Wata da shekara

Manhajojin hasashen buƙata suna neman abin da yake maimaita kansa duk shekara, kuma da watannin Miladiyya suke aunawa. A Turai wannan ya wadatar, tunda Kirsimeti ba ta barin Disamba. A Ƙofar Wambai babbar kakar tela Sallah ce, ita kuwa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. Ƙaramar Sallah ta 2015 a watan Yuli aka yi ta, ta 2025 kuwa a ƙarshen Maris. Manhajar da ta koyi cewa allura da bel suna tashi a Yuni za ta ci gaba da ba da shawarar a cika sito a lokacin da telolin suka riga suka huta. Gyaran wannan a fasahance ba shi da wuya, amma sai wanda ya san da matsalar ne zai nemi a gyara.

Kuma ba kalanda ɗaya kasuwar take bi ba. Hunturu da rana yake tafiya, shi ne yake motsa barguna da rigunan sanyi na gwanjo. Kaka ita take sa kuɗi a hannun manomi ya shigo birni ya gyara babur ko ya sayi keken ɗinki na kayan ɗakin 'yarsa. A can ƙarshen silsilar kuma akwai sabuwar shekarar Sinawa, wadda takan faɗo a Janairu ko Fabrairu, lokacin da masana'antun da 'yan kasuwar Kano suke oda a Guangzhou da Yiwu suke rufewa na makonni. A 'yan shekarun nan azumi ya matso kusa da wannan hutu, wato lokacin da buƙata take hawa a Kano ya zo daf da lokacin da kaya suke tsayawa a can. Maigidan da ya daɗe a harkar yana haɗa waɗannan kalandoji a ransa ba tare da ya kira abin da wani suna ba.

Akwai kuma girgizar da babu tarihin cinikin da zai hango ta. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana ɗaukar fasinja a babur. Cikin ɗan lokaci buƙata ta karkata daga kayan acaɓa zuwa kayan babur mai ƙafa uku na Bajaj da TVS, wanda ya gaji sunan shirin A Daidaita Sahu na zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano ta toshe. A irin waɗannan ranaku labarin da aka ji a masallacin kasuwa ya fi bayanan shekara biyar amfani.

Kwantai da maƙwabtaka

Mai ba da shawara da ya shiga sito ya ga kaya sun yi ƙura, abin da zai fara cewa shi ne wannan kwantai ne, kuɗi ne a kwance, a rage. Koyarwar da ya taso da ita ke nan, wadda ta samo asali daga tsarin kamfanin Toyota na Japan, inda ake kawo kaya daidai lokacin da za a yi amfani da su. Sai dai masu kai wa Toyota kaya a kusa da ita suke. Tsakanin Kano da tashar jiragen ruwa ta Legas kuwa akwai tafiyar kimanin kilomita dubu, da kwastan, da shingaye. An buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu ta Dala a Zawaciki a Janairun 2023 domin rage wannan wahala, amma teku ba ta matso ba.

Sannan ga darajar Naira. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen Naira 460 a farashin hukuma. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,400. Wanda ya bi shawarar rage haja ya riƙe takardar kuɗi a wannan tsakani ya ga yadda jarinsa ya narke, wanda ya bar ƙarfensa a sito kuwa ya tsira. Ƙa'idar Harris ta ɗauka farashi a tsaye yake, kuma manhajoji suna lissafa tsadar ajiya ne da kuɗin ruwan banki, alhali 'yan kasuwa da yawa a Kano ba sa cin bashin ruwa saboda addini. Ba ana nufin babu kwantai na gaskiya ba. Akwai shi, musamman kayan motar da ta bar titi. Abin da ake cewa shi ne kalmar tana buƙatar a tantance ta, kuma mai kayan ne ya san wanne ne kwantai wanne ne asusu.

Sai a koma ga yaron da aka tura layin baya. Manhaja tana ɗaukar kowane shago gashin kansa yake ci, abin da yake cikin sitonsa shi ne abin da yake da shi. A kasuwa kuwa hajar maƙwabci rabin haja ce. A ɗauko, a sayar, a ɗora 'yar riba, da yamma a yi lissafi. Akwai ma waɗanda ba su da shago sam, 'yan ka-yi-na-yi, waɗanda jarinsu shi ne sanin inda kowane abu yake. Wannan ba sabon abu ba ne a fataucin Hausa. Abner Cohen ya bayyana yadda amana tsakanin maigida da dillali take ɗauke da cinikin goro da shanu a Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969. Abin mamaki, masana lissafin kayan gyara sun daɗe da gano fa'idar wannan tsari. Tun a 1968 Craig Sherbrooke ya tsara wa rundunar sojan saman Amurka lissafin da yake duban sansanoni da babban sito a matsayin jiki ɗaya, domin kada kowane sansani ya tara abin da ba ya buƙata kullum. Abin da aka kai gare shi da dogon lissafi, layin kasuwa yana yin sa da amana. Manhajar da aka sayar wa shago ɗaya ba ta ganin wannan. Mafi muni, idan kayan maƙwabci suka fita ta hannun wannan shago, ko dai ba a rubuta ba, ko a rubuta a wurin da bai dace ba. Wanda ya zo ya tambaya bai samu ba ko'ina kuwa babu inda sawunsa yake fitowa, alhali shi ne mafi muhimmancin labari ga mai son sanin abin da zai saro.

Inda kasuwar take da rauni

Kuskure ne a mayar da wannan bayani kirari ga tsohon tsari. Ilimin da yake a ka yana tafiya da mai shi. Maigida yakan rasu, magada su buɗe sito su tarar da kayan da ba su san sunansu ba balle kuɗinsu, da basussukan da babu shaidarsu sai a bakin wanda ake bi. Gobarar da ta cinye babban ɓangare na kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta haɗa da littattafan lissafi, ba haja kaɗai ba. Yaron shago yakan yi shekaru yana koyon abin da da an rubuta shi da ya koya a watanni. Jabun burki kuma rai yake ci, kuma tsarin da ba ya iya bin sawun kaya zuwa inda suka fito yana ba mai jabu mafaka. Duk waɗannan dalilai ne na gaske da suke sa rubutaccen lissafi ya zama dole.

Akwai ma wata ƙofa da masu tallan manhaja ba su cika lura da ita ba. A fiƙihun Malikiyya, ɗan kasuwar da yake juya haja kullum, wanda malamai suke kira mudiri, yana ƙiyasta kuɗin kayan shagonsa sau ɗaya a shekara ya fitar da zakka, ɗaya bisa arba'in. Ke nan ƙidayar haja ta shekara-shekara, bisa watan Hijira, wajibi ce da ɗan kasuwar ya riga ya yarda da ita. Manhajar da za ta sauƙaƙa masa wannan ta fi kusa da samun karɓuwa a kan wadda ta zo da alƙawarin ribar da bai gani ba.

Aikin sassan Hausa

Wani zai ce wannan aikin injiniyoyi ne da masana kasuwanci, me ya haɗa shi da sashen Hausa? Amsar ita ce, matakin farko na duk wata kwangilar irin wannan shi ne tsara jerin sunayen kaya, a tace shi, a haɗe masu ma'ana ɗaya, a raba masu kama da juna. Wannan aikin ƙamus ne, ko an kira shi da wani suna. G. P. Bargery bai ƙyamaci kalmomin masaƙa da maƙera da majema ba a ƙamusunsa na 1934, shi ya sa har yau ake komawa gare shi. Littafin keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya ƙirƙiro wa nazarin harshe da adabi kalmomin da babu su. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 ya tabbatar da cewa ana iya bayyana Hausa da Hausa. Aikin da ake magana a kai ya fi na 1990 sauƙi ta fuska ɗaya, domin kalmomin suna nan a bakin mutane, tattarawa kawai suke jira. Ya fi shi wuya ta wata fuskar, domin ba a zaune a ofis ake yin sa ba.

Siffar abin da ake buƙata a bayyane take. Kowane ƙarfe ya samu hotonsa, da sunayensa duka yadda ake furta su a Kano da Sakkwato da Maraɗi, da rubutunsu na boko da ajami, da muryar mai sana'a yana faɗa, da injin da yake shiga, da abin da yake maye gurbinsa, sannan lambar kamfani a ƙarshe. Ɗaliban digiri na biyu a Kano da Zariya da Sakkwato da Katsina suna rubuta kundaye a kan aron kalmomi shekara da shekaru, sau da yawa da misalan da aka gada daga kundin baya. Layi ɗaya na masu kayan ɗinki ya isa kundi guda mai sabon bayani. Kada kuma a manta cewa babban kaso na cinikin kayan mota a Sabon Gari yana hannun 'yan kabilar Ibo masu alaƙa da Nnewi da kasuwar Ladipo ta Legas, kuma da Hausa suke ciniki da kanikawa. Hausar wannan mu'amala ita kanta abin nazari ce, kuma ƙamusun da ya tsallake ta ya bar rabin kasuwa.

Akwai haɗarin da bai kamata a ɓoye ba. Sanin abin da yake shiga gurbin wani shi ne abincin mai gyara da ɗan ka-yi-na-yi. Ranar da aka zuba shi a manhajar da kowa zai buɗe, an taɓa tukunyar wasu. Ɗan kasuwa kuma yana da dalilin tsoron kada lissafin sitonsa ya faɗa hannun mai karɓar haraji ko abokin gasa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi bayanan mutum ne, ba ta warware tambayar wanda ya mallaki ilimin da al'ummar masu sana'a suka tara ba. Saboda haka bai dace jami'a ta tattara wannan ilimi ta miƙa wa kamfani kyauta ba, bai kuma dace ɗalibi ya shiga kasuwa da na'urar naɗar murya ba tare da ya bi ta hannun shugabannin layi da ƙungiyar 'yan kasuwa ba. Yarjejeniyar da za a yi da su ta fayyace tun farko cewa sunaye da hotuna na kowa ne, farashi da adadin haja da sunayen abokan ciniki kuwa na mai shago ne, ba sa fita daga shagonsa. Lokacin da ya fi dacewa a fara zama da su shi ne makonnin da suke biyo bayan Babbar Sallah, sa'ad da ciniki ya lafa, mai shago yake da sukunin ya ɗauko ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ya faɗi sunansa.